Murjanin Gwamma da Ruwan Batir

Na yi shekara talatin da ɗoriya ina aikin kwastan, kuma ranakun aikin nan sun shige cikin juna har ba na iya rarrabe yawancinsu. Amma akwai wata Lahadi guda a bakin iyakar Jibiya wadda na yi iyakar ƙoƙarina in manta da ita, ta ƙi mantuwa. Da kuka roƙe ni, ku masu sanye da kakin yanzu, in rubuta muku wani abu daga zamaninmu, na san abin da kuke sa ran ji: kamen motar 'yan fasa-ƙwauri, ko cin hancin da aka miƙo mini na ƙi karɓa. Ina da irin waɗannan labarai, kuma gaskiya ne. Ba su zan ba ku ba. Zan ba ku wanda ko matata ban faɗa mata ba sai da furfura ta kama mu duka biyu.

Abin ya faru ne 'yan shekaru bayan an canja kuɗi daga fam zuwa naira, lokacin da arzikin fetur ya cika ƙasa, tun Katsina ba ta zama jiha ba. Hanyar Maraɗi a wancan zamani ba ta hutawa. Manyan motoci kan yi layi tun daga sandar shinge har inda ido ya gaza, ɗauke da atamfa da rediyo da sigari da kayan ado na roba iri-iri. Ni a lokacin ƙaramin jami'in tantance kaya ne. Ga wanda bai san aikin ba, ma'anarsa ita ce: duk abin da aka shigo da shi, ni zan duba in faɗi ko mene ne, in nemo gurbinsa a littafin jadawalin kaya, in cika fom, in sa hannu. A samana akwai sufurtanda, shugaban tasha. A ƙarƙashina akwai masu tsaron shinge, babbansu kuwa Saje Mati, tsohon soja, mutumin Daddara, wanda ya girme ni da shekara ashirin amma rubutunsa bai wuce sa hannu ba.

Dole in faɗi wani abu game da kaina, domin in ba haka ba, ba za a fahimci kuskuren ba. An haife ni a gidan noma a yankin Bugaje, iyayena Maguzawa ne. Ina ƙarami aka kai ni makarantar mishan, aka yi mini baftisma da suna Istifanus, aka koya mini abubuwa uku da suka zama ƙashin bayana: kiyaye lokaci, tsabtar rubutu, da cewa kowace tambaya tana da amsa guda wadda take daidai. Ban taɓa zuwa aiki da kakin da ba a goge ba. Ban taɓa kankare kalma a fom ba. In na yi kuskure, sabon fom nake ɗauka. Kuma ban taɓa gaya wa kowa a tashar nan daga wane irin gida na fito ba.

Akwai ƙa'ida ɗaya da ta shafi wannan labari. Kayan adon da mutum ya sanya a jikinsa, nasa ne, ba ruwanmu da shi, ya wuce. Wanda kuwa aka ƙunshe aka ɗauko a hannu ko a kaya, ana iya ɗaukarsa hajar sayarwa, sai an tantance. Murjani kuma yana da gurbi biyu a jadawali: na gaske yana cikin kayan ado masu daraja, na jabu yana cikin duwatsun ado na gilashi da roba. A shekarun nan na jabun ya cika kasuwa, ja wur, mai arha. Na gasken kuwa dillalai daga kudu suna bin ƙauyuka suna saye daga hannun tsofaffi, suna ba da abin da manomi bai taɓa riƙewa ba. Gidaje da yawa sun rabu da na kakanninsu a wannan lokaci.

Ranar Lahadi ce, ranar kasuwar Jibiya, cikin bazara, wajen ƙarfe goma sha ɗaya na safe. Raina a ɓace yake tun farko domin an sa ni aiki na rasa sujada a coci. Masu ƙafa suna shigowa daga ɓangaren Nijar, Saje Mati yana duba su a ƙarƙashin rumfa. Sai na ga ya tsaya da wata tsohuwa, siririya, baƙa, da zane ɗaya ɗaure a ƙirji da wani a kafaɗa. Ta sauke ƙwarya daga kai, ta fito da wani tsohon gwangwanin shayi, ta buɗe da kanta ba tare da an ce ta buɗe ba. Saje ya leƙa, ya yi murmushi, ya ce ta rufe ta wuce.

Na taso daga teburina na ce, "Saje, me ke cikin gwangwanin?"

Ya ce, "Yallabai, Gwamma ce, ta gidan Nomau na Mazanya. Murjanin gidansu ne. Tun kafin a kawo ka nan take wucewa da shi."

Na ce, "Ban tambaye ka sunanta ba. Iya, kawo nan."

Ta kawo ta ajiye a kan tebur. A cikin gwangwanin, kwance a kan auduga, akwai sarƙar murjani guda. Duwatsun ba su yi daidai da juna ba: wasu kamar ƙwayar dawa, wasu kamar gyaɗa, jansu kuma ba mai ƙyalli ba ne, ya yi duhu kamar na busasshen barkono. A tsakiya akwai babba guda, dogo, mai kaurin babban yatsa.

Na tambaye ta na wane ne, ina za ta kai. Ta amsa a natse, da harshen mutanen wajen. Ta ce gidansu ɗaya ne iyaka ta raba biyu, rabi a Mazanya, rabi a wani ƙauye a hayin Nijar. Sarƙar ta gidan ce duka. Duk macen gidan da ta yi haihuwar fari, ita ke rataya ta ranar suna, ta kwana bakwai da ita, sannan a mayar gwangwani. Yanzu an gama da ita a can, matar jikan Nomau kuma ta sauka a Mazanya, suna jibi. Ta nuna babban dutsen da yatsa ba tare da ta taɓa shi ba, ta ce, "Wanga shi muka cewa Kaka. Da shi aka zo tun da hwari, sauran duk bayanshi suke."

Saje Mati ya ga inda na dosa, sai ya nemi ya buɗe mana ƙofa mu duka biyu. Ya ce, "Iya, abin mai sauƙi ne. Rataya shi a wuyanki ki wuce shinge, in kin kai gindin iccen bedin can ki cire. Abin da ke jiki ba ruwan gwamnati da shi. Ko ba haka ba, yallabai?"

Na ce haka doka ta ce.

Ta dube shi, ta dube ni, ta ce, "Ba ni iya sa shi."

Na ce, "Don me?"

Na sake tambaya da ƙarfi, mutane suka fara tsayawa. Sai ta ce a hankali, "Ban haihu ba, ɗan nan. Shi ya sa ni ka ɗauko shi. Shekara talatin ina kai shi ina maido shi, bai taɓa hawa wuyana ba."

Ku lura da wannan wuri, domin a nan na faɗi, ba a wurin ruwan batir ba. Ni ɗan irin wannan gida ne. Na san cewa akwai abubuwan da ake ba wa matar da ba ta haihu ba ta riƙe, domin ita ba ta da 'ya'yan da za ta karkatar wa abin, kuma domin a ba ta matsayi a cikin gida. Gwaggona ma ita ke riƙe da irin shuka na gidanmu saboda wannan dalili. Na san gaskiya take faɗa. Amma muryarta irin ta uwata ce, ga mutane suna kallo, ga kaki a jikina, sai na ji kamar in na nuna na gane maganarta, kowa zai gane ni. Na ce da Saje, da Turanci domin kada ta ji, wanda ya ƙi sanya abu a jikinsa ya nuna ba nasa ba ne, saboda haka haja ce, za a tantance.

Na ɗaga sarƙar na duba a rana. A jikin babban dutsen na ga wani layi siriri da launinsa ya ɗan bambanta. Na sa bakin wuƙar aljihuna na kankara, sai wani abu mai taushi ya fito kamar busasshen kunu. Na ji daɗi ƙwarai, ina jin kunyar faɗin haka. Na ce, "Jabu ne. An kwaɓa ne an rina."

Ta ce, "Ba jabu ba ne, gyara ne. Ni na yi shi da hannuna." Ta yi mini bayani, ni kuwa ina sauraro da rabin kunne. Ta ce murjani ba a zubar da shi. In dutse ya tsage, sai a haɗa shi da ƙaro da garin murjani. In ya fashe, sai a goge gutsattsarin a kan dutse da ruwa, a huda, su zama ƙanana, su koma sarƙa. Garin da ya zuba wajen gugar kuma a tara shi a ƙulle, shi ne na gyaran gaba. Ƙananan nan da nake gani duk manya ne a da. Uwar mijinta ce ta koya mata.

Saje ya karɓi sarƙar, ya ɗora dutsen a kumatunsa, ya ɗan ƙwanƙwasa shi a haƙori, ya auna nauyinsa a tafin hannu. Ya ce, "Yallabai, na gaske ne. Ga sanyi, ga nauyi. Roba ba ta yin haka. Na rantse da abin da zai kashe ni."

Na ce, "Saje, gwamnati ba ta tantance kaya da haƙori."

Mutanen da ke wurin suka yi dariya, wani direba ya ce, "Saje, yau ka gamu da boko!" Dariyar nan ta ƙara mini ƙarfi.

A makaranta malaminmu na kimiyya ya taɓa koya mana abin da murjani yake. Ba dutse ba ne irin na ƙasa. Ƙashi ne na wasu 'yan mitsi-mitsin halittu da ke zaune a ƙarƙashin teku, suna gina shi a hankali kamar reshen itace, kuma yakan ɗauki shekaru masu yawa kafin reshe ya kai kaurin yatsa. Jan da ya iso ƙasarmu daga Bahar Rum ya fito, ya ratso hamada a bayan raƙuma. Ya ce mana masu cirarsa sun yi ta jan ƙarfe a gindin teku suna karya shi har ya yi ƙaranci a wurare da yawa, abin da aka cire a yini ɗaya kuwa ba ya komawa a rayuwar mutum guda. Sannan ya nuna mana gwajinsa: murjani ɗan'uwan alli ne, in asid ya taɓa shi sai ya yi kumfa. Ya kuma ja kunnenmu da kalmomin da har yau nake ji: ɗigo ɗaya, a wurin da ido ba ya gani, a wanke nan take.

Na san wannan gargaɗi sarai. Amma ɗigo ɗaya a cikin ramin zare ba abin da taron nan zai gani ba ne, ni kuwa so nake a gani. Na aika aka ɗebo mini ruwan batir, wanda asid ne, daga wurin mai cajin batir da ke bayan rumfa, aka zuba a kofin gilashi. Na ɗauki wuƙa zan yanke zaren.

Ta miƙo hannu ta ce, "Kada ka yanke, bari in kwance maka. Ni na kaɗa zaren nan."

Na yanke. Ƙananan duwatsu biyu suka gangara ƙasa, ta durƙusa tana nemansu a cikin yashi. Na zare Kaka na jefa shi cikin kofin gaba ɗaya.

Nan take ya fara tafasa, kumfa tana tashi fari. Saje ya ce, "To, ka gani, na gaske ne. Cire shi, yallabai." Na tsaya ina kallon kumfar, ina neman yadda zan juya maganar kada a ce Saje ya fi ni. Ana cikin haka sai sufurtanda ya ƙwala mini kira daga bakin shinge: wata tirela ta toshe hanya, direban yana gardama a kan takardun da duwan, wato kwastan na Nijar, suka ba shi, kuma ni kaɗai ke iya karanta ɗan Faransanci. Na ce da Saje, "Kada kowa ya taɓa kofin nan, shaida ce," na tafi. Saje soja ne. An ba shi umarni a gaban jama'a, bai taɓa ba. Ita kuma ba ta san abin da ruwan yake yi ba, ta ɗauka wanki ne.

Na dawo bayan kusan rabin sa'a. Ruwan ya yi fari kamar tsari. Na sa cokali na tsamo. Ƙaron da ya riƙe tsagar ya narke, dutsen ya rabu gida uku, kowane yanki ya yi fari fat, ya yi ƙuraje kamar allin da kaza ta tsattsaga. Babu ja ko kaɗan a jikinsa.

Ba ta yi kuka ba, ba ta zage ni ba. Da ta yi ɗaya daga ciki, da ya fi mini sauƙi. Ta karɓi gutsattsarin, ta nemi ruwa a wurin Saje ta wanke su, ta shanya a bakin zanenta. Sannan ta ce, "Ɗan nan, abin da ya lalace ya lalace. Abu ɗaya nika roƙo. In na kai masu wanga hwarin abu na ce shi ne Kaka, wa zai yarda? Masu saye sun zo gidanmu sau biyu. Za a ce na saida, na tsinto alli na kawo. Mazanya ba nisa. Ka zo ka hwaɗa ma Nomau da bakinka."

Ga abin da ke kan tebur a lokacin, kuma na gan shi sarai: ba dutse ba, amanar shekara talatin ta matar da ba ta da komai a gidan nan sai wannan amanar.

Na ce jami'i ba ya barin tasha don shaidar gida. Na ɗauki fom na cika da rubutuna mai kyau, da Turanci, cewa an tantance sarƙa guda, an same ta murjani na gaske, kayan gado, ba na sayarwa ba, an sake ta. Samfuri guda ya ƙare a wurin gwaji. Na buga hatimi na miƙa mata. Babu kalmar ƙarya ko ɗaya a takardar nan, kuma babu gaskiya a cikinta. Ta juya ta sama da ƙasa ta ce, "Wa zai karanta muna wagga?" Na ce wannan ba matsalar gwamnati ba ce. Ta naɗe takardar ta sa a gwangwani, ta ɗora ƙwarya a kai, ta wuce.

Washegari sufurtanda ya ga kwafin fom ɗin, ya yaba. Ya ce da sauran, "Ku dubi yadda ake aiki, har da gwajin kimiyya." Na ce na gode, ranka ya daɗe. Saje Mati yana tsaye a wurin yana ji. Tun daga ranar bai sake yi mini wasa ba. Gaisuwar soja kawai, ƙafa a haɗe, ido a sama.

Na yi mako goma sha ɗaya ina gaya wa kaina cewa na bi ƙa'ida. Kullum Lahadi in na samu zuwa sujada, in an zo wurin furta zunubi, sai in ga kofin nan. Wata rana da rana muna cin abinci, Saje ya ce, kamar da bango yake magana, "An karɓe gwangwani daga hannun Gwamma. An ba wata. An ce ba a kore ta ba, amma ba mai ci da ita a ƙwarya ɗaya." Ya ci gaba da cin tuwonsa.

Ranar hutuna ta gaba na hau keke na tafi Mazanya. Damina ta sauka, gero ya kai gwiwa. Na sa kayan gida, ban sa kaki ba, ina tsammanin hakan tawali'u ne. Daga baya na gane tsoro ne. Na iske Nomau a ƙofar gida yana gyaran ƙotar fartanya, dattijo mai faɗin ƙirji. Na gaishe shi irin gaisuwar da aka koya mini tun ina yaro, wadda na yi shekaru ban yi ba. Ya ɗago ya dube ni ya ce, "Kai ɗan wane gida ne?" Na faɗa masa sunan ubana da ƙauyenmu. Ya ce, "Ashe namu ne." Ban taɓa jin kalmar da ta ƙona ni kamar wannan ba.

Na ce a tara mini mutanen gida. Aka taru, maza da mata. Na tsaya na faɗi abin da na yi daga farko har ƙarshe, ban rage ba: cewa ta roƙe ni kada in yanke zare, cewa na san ɗigo ɗaya ya isa, cewa ta nemi in zo na ƙi. Na ce ba ta sayar da komai ba, ni na lalata Kaka.

Nomau ya saurara har na gama, sannan ya ce, "Mun ji. Amma ka makara, samari. Ta riga ka." Ya ce a kira ta.

Ta fito daga bayan rumbu, ta ƙara ramewa. Tana riƙe da wani ɗan tsumma. Ta buɗe a tafin hannunta, sai ga ƙananan duwatsu uku, kowanne bai fi ƙwayar wake ba, ja irin na busasshen barkono, sumul, an huda su. Ashe ruwan batir fatar waje ya ci, bai kai zuciya ba. Tun ranar da aka karɓe gwangwanin take zama a bayan rumbu da dutsen guga da ɗan ruwa a sakaina, tana goge farin a hankali, kullum kaɗan, don kada yankin ya sake fashewa. Kwana shida kafin zuwana ja ya gama bayyana a na ukun, ta kai wa Nomau, ya kira tsofaffin matan gida suka duba, suka shaida Kaka ne. Na dubi yatsunta, fatar kansu ta cinye.

Ta ce da ni, ba da faɗa ba, "Da ka zo ran nan, tahiyar sa'a guda ce a kekenka. Ni sai da na yi kusan wata uku." Wata matashiya tana tsaye a gefe da jariri a baya, ita ce wadda aka yi sunan ɗanta ba Kaka a wuyanta, ita kaɗai a duk matan gidan, kuma haihuwar fari ba a sake ta.

Na ce zan nemo wani babban murjani in saya in kawo, ko nawa ne. Nomau ya girgiza kai ya ce, "Na wane gida za ka sayo? Duk wanda ka gani a kasuwa, wasu aka raba da nasu. Bar shi. Kaka ya zama uku, za su shiga zare."

Da zan tafi, Gwamma ta ce in dakata. Ta shiga ɗaki ta fito da ƙulli biyu. Ta ɗaga ɗaya ta ce wannan jan garin ne, na gyaran gaba, zai koma gwangwani. Ta miƙo mini ɗayan. Na kwance, sai ga farin gari, abin da ta kankare daga jikin dutsen, ƙunshe a cikin fom ɗina mai hatimi. Ta ce, "Mu ba mu zubda komi nashi. Amma wanga ba shi gyara komi. Aikinka ne, tahi da shi."

An mayar mata da gwangwanin, ta ci gaba da kai shi tana dawo da shi har ƙarfinta ya ƙare. Sai dai ba ta sake bi ta shingenmu ba. Saje ya gaya mini ta koma bin hanyar daji, ta cikin gonaki, inda 'yan fasa-ƙwauri ke bi, tafiyar da ta ninka ta da. Matar da ke buɗe kayanta tun ba a tambaye ta ba, ni na koya mata zagaye ƙofa. Na rubuta wa sufurtanda takarda na gyara rahotona, na bayyana abin da kalmar "ya ƙare a wurin gwaji" ta ɓoye. Ya karanta ya ce in bar maganar, ba wanda ya kawo ƙara. Na roƙe shi ya sa ta a fayil ɗina duk da haka, ya sa.

Ga abin da nake so ku ɗauka, ku da za ku tsaya a inda na tsaya. Ban daina son ƙa'ida ba, kuma ba na ba kowa shawarar ya sassauta ta. Har na yi ritaya ban bar fom ya fita daga hannuna da kuskure ba. Amma na koyi cewa fom yana iya zama daidai, mai cika shi ya zama azzalumi. Na koyi cewa kafin ka gwada abu, ka tambayi kanka ko za ka iya mayar da shi yadda yake, in kuwa ba za ka iya ba, ka tambayi wanda ya fi ka daɗewa a wurin, ko da bai iya rubutu ba. Ni na san daga littafi cewa teku na daɗewa kafin ya gina murjani, na lalata shi a rabin sa'a. Ita ba ta taɓa ganin teku ba, amma ta san ba a samun wani, shi ya sa ko garinsa ba ta bari ya bi iska. A yau ina jin masana suna kira a daina wawure murjani daga teku, a riƙa tattalin wanda ke hannu. Gidan Nomau sun riga su da daɗewa.

Ƙullin nan yana cikin aljihun teburina, kusa da lambar yabon da aka ba ni ranar sallama. Takardar ta yi ja don tsufa, garin kuwa yana nan fari yadda ta ba ni shi. Jikokina sun sha tambayata ko magani ne. Nakan ce musu eh, nawa ne, kuma ban gama sha ba.